Taswirarku Ta Ce Gonar Yayana Jiƙe Take

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ya aiko aka auna damshin gonakinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah Ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, sunana Usmanu. Tsohon malamin gona ne ni, na yi ritaya na dawo ƙauyen da aka yanke mini cibiya, tsakanin Haɗejiya da Malam Madori. Ba ka san ni ba, amma sa hannuna yana nan a ofishinka, a ƙasan wata takarda da ta jawo wa garinmu abin da zan faɗa maka yanzu. Sau uku ina zuwa ofishin ban samu ganinka ba. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, domin in ba ta iso teburinka ba, wataƙila wani wanda ya san ka ya karanta ya ba ka labari.

Ba roƙon abinci na zo yi ba. Na zo ne a kan wani kuskure da aka yi da sunan ilimi, wanda ni ma ina da hannu a ciki.

Na ɗaya: yadda ƙasarmu take.

Garinmu fuska biyu gare shi. Ta kudu akwai fadama, inda wani reshe na kogi yake malalowa. Ta arewa kuma jigawa ce, rairayi zalla, kuma a nan ne gonakin gero da wake na kusan kowane gida suke. Muna yara, fadamar nan ita ce rufin asirinmu: ruwa ya zo da damina, ya janye da kaka, a yi shinkafa, a bi bayanta da alkama da albasa, shanu su ci ragowar. Yau shekaru ke nan ruwan ya daina janyewa. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, ya kwanta, ita kuma ta cinye gonakin ɗaya bayan ɗaya. Inda mahaifinmu yake yankan shinkafa, yanzu ko kwalekwale ba ya ratsawa. Abin da muke samu daga wurin sauro ne da tsuntsayen jan-baki, waɗanda suke kwana a cikin kacallar su tashi da safe su sauka a kan ɗan abin da muka noma.

Saboda haka duk wanda ya ce da mutumin garinmu yana zaune kusa da ruwa, bai yi ƙarya ba. Sai dai ruwan ba namu ba ne. Cikinmu yana kan jigawa, jigawa kuma ba ta san akwai kogi a bayan gari ba. In sama ba ta zubo ba, shi ke nan.

Daminar bara sama ta yaudare mu. Ruwan shuka ya sauka da kyau, muka yi shuka, muka yi noman firi, gero ya tashi kore shar. Daidai lokacin da ya fara ɗaukar ciki, lokacin da ya kamata a ce marka ta sauka, sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Haka muka yi ta kallo har ganyen gero ya nannaɗe kamar an gasa shi.

Na biyu: ranar da mutanenka suka zo.

A tsakiyar wannan hali Bulaman garinmu ya aiko aka kira ni. Ya ce an sanar da shi wasu jami'ai za su zo su auna damshin ƙasa, domin a gane wane yanki fari ya fi taɓawa a kai masa ɗauki. Ya ce, "Malam Usmanu, kai ka san yarensu. Ka raka su, ka nuna musu halin da muke ciki." Na yi murna ƙwarai. Na ce a raina, yau dai za a yi abu bisa ƙa'ida, ba wai wanda ya fi kowa baki ko ya fi kowa ɗan'uwa a sama shi zai kwashe ba.

Na san motarsu ba za ta iya rairayinmu ba, don ko babur sai an tura shi a wasu wuraren. Sai na je wajen yayana, Yaya Bello, wanda gonarsa take can tsakiyar jigawa, na roƙe shi ya ɗaura wa bijimansa biyu amalanke ya jira mu a bakin titi. Dattijo ne, ya ba saba'in baya kaɗan. Da kansa ya share amalanken, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a ciki saboda baƙi. Matarsa, Yaya Hajara, ta dama fura ta zuba a ƙwarya ta rufe da faifai.

Su uku suka zo, da hantsi, ranar wata Talata. Sun gaishe mu da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba. Suka tsayar da mota a daidai kwalbatin da ke shiga gari, inda titi ya gifta gefen fadama. Suka fito da wani ƙarfe mai tsini da waya a jikinsa, suka gangara ƙasan titi, suka soka shi a ƙasa. Suka matsa gaba kaɗan suka sake sokawa. Suka ƙara na uku a gindin wata giginya. Duk wuraren ukun, in ka tsaya kana hango kacalla, kuma takalminka yana ɗaukar laka.

Na ce da babbansu, wani matashi mai fara'a, "Yallaɓai, nan ai ba gona ba ce. Gonakin suna can arewa, ga amalanke an tanadar muku, tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba."

Ya dubi agogonsa, ya dubi bijiman, ya yi murmushi. Ya ce, "Baba, kada ka damu. Tauraron ɗan'adam ya riga ya ɗauki komai daga sama, mu tabbatarwa kawai muka zo yi. Garuruwa da yawa suna jiran mu yau."

Na sake magana. Ya ce in Allah Ya yarda akwai zagaye na biyu. Sannan ya miƙo mini takarda da biro, ya ce in sa hannu a matsayin shaida cewa sun zo garin sun yi aiki.

Ranka ya daɗe, na sa hannu. Ni da na shekara talatin da wani abu ina koya wa manoma su damƙi ƙasa su gani ko za ta dunƙule, ni na sa hannu a kan awon da aka yi a gindin kwalbati. Na ji nauyin in yi musu da baƙi a gaban Bulama, kuma na yarda da maganar zagaye na biyu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban zo in wanke kaina ba.

Ko furar ba su sha ba. Da ƙurar motarsu ta lafa, Yaya Bello ya daɗe a tsaye riƙe da igiyar bijimansa. Ya naɗe tabarmar, ya juya amalanke ya koma gida.

Ba a yi zagaye na biyu ba.

Na uku: taswirar.

Bayan kaka aka liƙa wata taswira a jikin allon sanarwa na sakatariya, ɗauke da tambarin ofishinka. An raba yankuna da launi. Ja shi ne inda fari ya yi tsanani, rawaya matsakaici, kore kuma inda ƙasa take da isasshen damshi. Na sa tabarau na bi da yatsa har na samo mazaɓarmu. Kore shar, launi ɗaya da dausayin Baturiya inda masunta suke jefa koma.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Mu a ƙasa ga abin da muka gani: zangarniya ta fito fara fat babu ƙwaya, in ka murza ta a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Wake ya yi fure ya kakkaɓe. Gonar Yaya Bello da ta saba cika rumbu biyu, amalanke ɗaya ya kwashe abin da ta bayar, kuma bai cika ba.

Da wannan taswira aka raba ɗauki. Yankunan ja suka samu irin gero mai saurin nuna da irin wake, aka haƙa musu rijiyoyin ban-ruwa, aka ba su abincin dabbobi. Rawaya suka samu iri. Kore aka ce su gode wa Allah. Mun gode maSa, ba don ku ba.

Ina so ka fahimce ni da kyau a nan. Ba na baƙin ciki da abin da mutanen yankin ja suka samu, sun cancanta, har ma bai ishe su ba. 'Yata tana aure a wani ƙauye ta wajen Kaugama, kuma su ja aka ba su. Abin da nake cewa shi ne, wahalarmu da tasu uwa ɗaya uba ɗaya ce, kuma ba da ka nake faɗa ba.

Na huɗu: awon da na yi da hannuna.

Kwana biyu bayan tafiyar mutanenka, da raina ya ƙi kwanciya, na ɗauki fartanya na tafi gonar Yaya Bello. Na tona a tsakanin kunya har hannuna ya shige zuwa gwiwar hannu. Na damƙo ƙasar ƙasan ramin na matse, na buɗe hannu, ta zube kamar gari. Na canza wuri har sau biyar, daga gindin gawo zuwa kan iyaka, duk labarin ɗaya ne. Washegari na hau mota na je gidan 'yata, na ce da mijinta ya kai ni gonarsa. Na tona daidai zurfin da na tona a gida. Ƙasar ta zube daga hannuna kamar yadda ta Yaya Bello ta zube, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Da na dawo na sauka a kwalbatin da aka yi awo, na sa yatsa ɗaya kawai, ruwa ya biyo shi.

Ba ni da tauraro, ba ni da kwamfuta. Amma na yi aikin gona tsawon da zan gane abin da ya faru. Na'urarku ta leƙo daga sama ta ga ruwa kwance da kacalla kore a rabin mazaɓarmu, ta ga busasshen rairayi a ɗaya rabin, ta haɗa su ta raba biyu, ta ce mutanen nan suna cikin ni'ima. Sannan waɗanda aka aiko su tabbatar suka tabbatar a cikin laka. Kamar a ce mutum ƙafarsa ɗaya tana cikin wuta, ɗaya tana cikin randa, a ce jikinsa daidai yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: ruwan da ya ƙwace mana gonakin shinkafa, shi aka lissafa mana a matsayin arziki. Kacallar da ta kore mu daga fadama, ita ta ba da shaidar cewa ba mu da matsala. Ta cuce mu da farko da kanta, ta sake cutar mu da hannunku.

Kwatanta yanki da yanki abu ne mai kyau, na yarda da shi, don abin rabon ba ya isar kowa. Amma in za a kwatanta, gona ake kwatantawa da gona. Ba a kwatanta gonar geron mutumin Kaugama da kududdufin bayan garinmu.

Na biyar: abin da ya samu yayana.

Mu asalinmu masu shanu ne. Kakanmu ya zo wurin nan da garke, ya ga ciyawa da ruwa ya kafa turke, daga baya 'ya'yansa suka kama noma. Garken ya yi ta raguwa, rabon gado ya ci wasu, cuta ta ci wasu, har ya rage bijimai biyun nan na Yaya Bello, waɗanda uwarsu jikar saniyar mahaifinmu ce. Da su yake huɗa, da su yake ɗebo ruwa, da su yake kai taki gona. Yakan yi musu magana da Fillanci, yaren da mu kanmu ya kusa kuɓuce mana.

Hatsinsa ya ƙare tun kafin sanyi ya fita. Na raba abin da nake da shi da gidansa, amma ni ma gonata a jigawar take, kuma ka san abin da fansho yake iya yi. Da bazara ta matso suka buɗe tukunyar da aka ajiye iri suka ci. Ciyawa ta ƙare a daji, harawa ta gagari talaka, bijiman suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Da an saka mu ko a rawaya ne, da ya samu iri. Da an saka mu inda muka dace, da bijiman sun samu abin da za su kai damina.

Ya kai su kasuwar Malam Madori da ƙafa, bai yarda kowa ya raka shi ba. Yaya Hajara ta ce mini da ya dawo ya rataye igiyoyin a jikin turken, ya zauna a gindinsa har aka kira la'asar. Tun da kakanmu ya sauka a wurin nan, gidanmu bai taɓa wayar gari babu saniya ba sai bana.

Na je in yi masa jaje. A lokacin labarin takardar ya riga ya zaga gari, don wani da ya je sakatariya ya dawo ya ce an nuna masa sunan shaida. Na yi sallama, ya amsa, bai ɗago ba. Na fara magana sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Usmanu, baƙi ba su san gonata ba, ban riƙe su ba. Kai a cikinta Baffa, mahaifinmu, ya koya maka riƙon fartanya. Da hannunka ka rubuta cewa jiƙe take."

Na ce, "Yaya, ba haka takardar ta ce ba, shaidar zuwansu kawai na sa wa hannu."

Ya ce, "To, sun zo?"

Sun zo bakin titi. Garinmu ba su zo ba.

Daminar bana da fartanyar hannu ya yi huɗa, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya. Abin da ya iya nomawa bai kai kashi ɗaya cikin uku na gonar ba, ragowar ta zama saura. Na aika masa da iri ta hannun Yaya Hajara, ya karɓa don ba shi da zaɓi, amma har yanzu in mun haɗu a masallaci gaisuwa ce ta fatar baki. Muna sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, in an sallame ya ɗauki takalminsa ya fita ta ɗaya ƙofar. Uwa ɗaya ta haife mu, mu biyu muka rage.

Ba shi kaɗai ba ne. Gidaje da dama sun sayar da dabbobinsu, magidanta sun tafi ci-rani wasu ba su dawo shuka ba. Na ba ka labarinsa ne don shi na fi sani.

Na shida: zuwana ofishinka.

Zuwan farko aka ce kana taro. Na biyu aka ce ka yi tafiya. Na uku wani jami'i ya tausaya wa furfurata ya zaunar da ni, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ya gane, kuma ba mu kaɗai muka kawo irin wannan kuka ba, amma an riga an rufe rahoto an tura sama, ba a taɓa shi. Sannan ya faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami: wai da wannan taswirar za a ci gaba da tsara rabon iri da rijiyoyi a shekaru masu zuwa, har sai an samu halin sake wani awon.

Ke nan kuskuren hantsi ɗaya zai bi mu shekara da shekaru. Duk farin da za a yi nan gaba, an riga an rubuta cewa bai shafe mu ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A sake aiko masu awo, a lokacin da gero yake tsaye a gona, kuma su shiga jigawa. Ba mu da amalanken da za mu ɗauke su yanzu, sai su yi haƙuri su taka da ƙafa kamar yadda muke takawa.

A raba fadama da tudu a cikin lissafi, a nan da duk garuruwan bakin kogi irin namu. Ƙasar da kacalla ta cinye kada a sake kiran ta gona.

A dakatar da aiki da launin da aka ba mazaɓarmu har sai an sake awon.

A cire sunana daga waccan takarda. In doka ba ta yarda a cire ba, a liƙa wannan wasiƙa a bayanta, domin wanda ya ga sa hannun ya ga janyewar.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi mini duka: duk abin da sabon awo ya nuna, a turo mutum ya zo ƙofar gidan Bulama ya karanta shi da Hausa a gaban jama'a, ya ce an yi kuskure. Bijiman ba za su dawo ba, na sani. Amma akwai dattijon da ya kamata ya ji daga bakin hukuma cewa gonarsa ta bushe, ba ƙarya yake yi ba, kuma ina so ya ji tun muna da rai ni da shi.

Ban ambaci sunan yaran da suka zo ba, kuma ba na neman a hukunta su. An ba su garuruwan da rana ɗaya ba ta isa ba, da motar da ba ta shiga rairayi. Wanda ya tsara haka ya fi su sanin abin da za su dawo da shi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah Ya albarkaci zuriyarka, Ya sa kada su san ranar da ake cin iri. Allah Ya ba ka ikon gyara abin da ke hannunka tun yana hannunka. Kuma ranar da za a auna aikinka, Allah Ya sa a auna shi a inda ka yi shi, ba a bakin titi ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Usmanu, tsohon malamin gona.